Garin da Na Goge

Aikina zane ne. A Kaura Namoda ni ke rubuta allon shago, in zana kan rago a ƙofar mai nama, in zana zaki a bayan mota, zakin da direbobi ke cewa ya fi kama da kyanwar da ta sha duka. Ban taɓa yi musu gardama ba, don ban taɓa ganin zaki ba, kuma ni abin da ban gani da idona ba hannuna ba ya iya shi. Haka nake tun ina ƙarami.

Wata malamar makaranta a garinmu ta rubuta littafin labarin aljanu, ta kawo mini in yi mata hotunan ciki. Labarin wani gari ne da mutanensa suka sare kukar da sarauniyar aljanu ke zaune a ciki, ita kuwa ta fusata ta riƙa ɗauke su ɗaya bayan ɗaya har garin ya zama kufai. Daga ƙarshe wata yarinya ta bi su ƙarƙashin ƙasa ta dawo da su. Na ce wa malamar aljanun zan yi iya ƙoƙarina, tunda ba wanda zai ce ban yi daidai ba, amma garin sai na samo na gaske na zauna na kalla.

Na hau babur na tafi ƙauyen mahaifiyata a ƙasar Zurmi, can bayan Gurbin Bore, da kaka, ana ɗaurin gero. Inna tana zaune a can tun rasuwar babanmu, ta ƙi birni ƙememe, wai ruwan famfo ba ya kashe mata ƙishirwa. Na tafi da babbar takarda mai kauri, na zauna a kan tudun da ke gabas da gari na yi ta zane da fensir kwana da kwanaki. Na sa kukar bakin rijiya, da masallacin ƙasa, da rumbuna da jinkarsu. Na sa kowa a kan aikinsa: liman yana alwala, maƙeri da ɗansa a maƙera, mata da tuluna a ka, wani Bafulatani maƙwabcinmu yana kora shanu ta bayan gari, Inna kuma a gindin rumbunta tana bakace.

Gari ya taru a kaina ana dariya, kowa yana neman kansa. Inna ta duba ta duba, ta ce, "Wagga tsohuwa mai ƙaton hanci ni ta? To Allah shi shirye ka, ɗan nan." Amma na ga ta kira ƙawayenta su zo su gani.

Littafin ya fito, mutane suka so shi, har wasu 'yan fim daga Kano suka ce za su yi fim ɗinsa. Daraktan ya neme ni a waya. Yana son in zana masa komai kafin su gina wurin da za su ɗauka: tufafin aljanu, kukar, da garin iri biyu, lokacin da yake cike da mutane da kuma bayan ya zama kufai. Na farkon yana hannu. Na biyun na zana na aika, na sake na aika, kullum sai ya dawo da shi.

"Malam," in ji shi, "wannan ai ba kufai ba ne. Gari ne da kowa ya tafi kasuwa, anjima za su dawo."

Na ji haushinsa, amma gaskiya ya faɗa. Ban taɓa ganin kufai ba. Daga nan maganar fim ta kwanta, kamar yadda maganar 'yan fim take kwanciya.

Da damina ta zagayo 'yan bindiga suka shiga ƙauyen. Ba na son ba da wannan labarin, kuma duk wanda ke yankinmu ya san irinsa. Suka ƙona rumbuna, suka kore dabbobi, suka kashe wanda suka kashe. Mutane suka watse, wasu cikin Zurmi, wasu Shinkafi, wasu suka bi ta Jangeru suka tsallaka Nijar. Inna ta iso wurina a bayan motar itace, da ƙullin kaya ɗaya da makullin ɗakinta ɗaure a bakin zane.

Ba ta yarda zama ta zo yi ba. "In ƙura ta lahwa zan koma," kullum haka take cewa. "Irin gerona shina cikin tukunya, na bizne shi ƙuryar ɗaki. Ko su ba su gane wurin." Ta sa na manna mata zanen garin a bangon ɗakinta, daidai inda take shimfiɗa tabarma. Nan take wuni tana kallo, tana gaya wa matata gidan wane ne wannan, wa ya haƙa rijiyar, wace ce ba ta iya daka ba.

Wata safiya labari ya zo liman ya rasu a Shinkafi, a gidan da aka ba shi aro. Inna ta yi masa addu'a, sannan ta kira ni.

"Ɗauko robar nan taka ta goge hensir. Goge liman."

Na ce, "Inna, ai zane ne. A bar shi mu riƙa tunawa da shi."

"Wanda ya riga mu gidan gaskiya ba a barinai duƙe bisa takarda shina alwallar da ba ta ƙarewa," ta ce. "Ya gama aikinai. Bar shi shi huta."

Na goge shi. Sai dai ni mai danna fensir ne, takardar kuma mai kauri ce, don haka bai fita duka ba. Wani farin gurbi ya rage mai siffar mutum a tsugune, da butarsa a gaba.

Daga ranar ya zama aikinmu. An tare maƙeri a hanyar Kasuwar Daji an harbe shi, na goge shi. Ɗansa da aka shiga daji da shi Inna ta hana a taɓa, ta ce wanda ba a ga gawarsa ba yana nan. Matan rijiya suka riƙa raguwa, wata haihuwa a hanya, wata ciwon da ba asibiti kusa, wata baƙin ciki kawai. Bafulatanin nan ya zo gaishe ta, ya rame ya lalace, na daji sun kwashe masa shanu, na gari kuma suna yi masa kallon ɗan uwan na daji. Da ya tafi ta ce in goge shanun in bar mutumin. Haka ya tsaya a bayan gari da sanda a kafaɗa, ba abin da yake korawa. Da shekara ta juyo ita da kanta ta nuna ɗan maƙeri da yatsa, na goge shi.

Na tsani robar nan. Duk lokacin da na ji Inna ta kira sunana da safe sai in san wani za a goge.

Ana haka daraktan ya sake bugowa, wai an shirya, kufai kawai ake jira. Don ya rabu da ni na ɗauki hoton bangon Inna da waya na tura masa. Ban ko ajiye wayar ba ya kira, muryarsa cike da murna.

"Wannan shi ne, Malam. Yaya aka yi ka fitar da inuwar mutanen nan, kamar yanzu aka ɗauke su? Abu ɗaya ya rage, ka cire tsohuwar nan ta gindin rumbu. A labarin ba wanda ya saura."

Na ce ba zan cire ba. Ya ce ba komai, su za su cire ta a kwamfuta. Na kashe wayar. Mutumin bai yi laifin komai ba, bai san abin da yake kallo ba, amma da yana gabana ban san abin da zan yi masa ba.

Inna tana jinmu daga tabarmarta. Can ta ce, "Cikin littahin nan, mutanen sun komo?"

"Sun komo, Inna."

"Wa ya komo da su?"

"Wata yarinya."

Ta gyaɗa kai, ta ci gaba da jan carbinta.

Bayan daminar bara wani ɗan ƙauyen da ya saci jiki ya leƙa can ya biyo ta gidana. Na yi masa ido, amma Inna ta tsare shi da tambaya har ya faɗi. Ciyawa ta fito cikin masallaci. Rijiya ta rufta. Ɗakinta ruwa ya kayar da shi, tukunyar ta fashe, geron ya tsiro a cikin ɓaraguzai ya bushe ba wanda ya yanka.

Da baƙon ya fita ta kwance makullin daga bakin zanenta, ta ajiye a kan taga.

"Ɗauko robar," ta ce.

"Inna, ke kina da rai."

"Ina da rai nan Kaura. Can babu ni. Mi kaka jira?"

Na tsaya a gaban bango ina kuka kamar yaro, ita ko ƙwalla ba ta yi ba. Na fara da faifan, na bi da hannayen, na goge zanen da ta ɗaura. Hancin nan da ta yi wa dariya shi ya ƙi fita, don a nan na fi danna fensir. Inna ta jira har na gama, sannan ta ja tabarmarta ta juya wa bangon baya, kuma har yau haka take zama.