Hannun Yaya a Kan Sakata

Yayata ta yi kusan rabin rayuwarta tana aron gishiri a kan dandamali. A ƙungiyar wasan kwaikwayon da ta shiga tun da ƙuruciyarta, ita ce maƙwabciya. Ana tsakiyar wasa za ta yi sallama da ɗan kofi a hannu, ta ce a sam mata gishiri, kafin a ɗebo ta zazzage wa masu gida labarin da zai hargitsa su, ta fice abinta. Da za a tara gishirin da Yaya ta ara, da ya cika babbar mota, kuma ban taɓa ganin wasan da ta mayar ba. Har a kasuwa Maƙwabciya ake kiranta. Masu kayan miya in sun hango ta sai su rufe buhun gishirinsu suna dariya, ita ma ta taya su. Ni da muka fito ciki ɗaya na san dariyar ba ta wuce leɓe ba.

Malamar firamare ce kafin nan, da albashinta da mutuncinta. Wata ranar hutu ƙawarta ta ja ta kallon wasa a wani tsohon sito da ke bayan tashar mota, mai rufin kwano da bencina da jan labule da ya koɗe. Daga ranar ba ta sake zama tamu ba. Ta ajiye alli ta koma siton. Babanmu ya yi faɗa har ya gaji, mijinta ya yi haƙuri har Allah ya yi masa rasuwa, ita kuwa ta yi kunnen uwar shegu da kowa. Ni ina da shagon ɗinki, sai aikin kayan wasansu ya faɗo kaina, ta haka na san ciki da wajen ƙungiyar fiye da yadda na so.

Mai ƙungiyar, wanda kowa ke kira Darakta, dogo ne siriri, da tabarau ɗaure da zare a gefe ɗaya. Ba na ƙaunarsa, amma ba zan yi masa ƙarya ba, ya iya aikinsa. 'Yan wasa da yawa sun bi ta hannunsa, wasu suka tafi rediyo, wasu talabijin, wasu suka kafa nasu ƙungiyoyin, kuma duk wanda ya yi suna cikinsu in ya tashi godiya shi yake fara ambata. Ba ya tsawa. Zama yake yi a wata farar kujerar roba a gaban dandamali, in abu bai yi masa ba sai ya ɗaga ɗan yatsa ya juya shi a iska. Ma'anarsa a sake daga farko. Na ga ƙarti masu gemu sun yi hawaye saboda ɗan yatsan nan.

Yana da wata hanyar aiki da ban taɓa ji a wurin kowa ba. Ba ya rubuta wasa. Da baki yake ba 'yan wasa, fitowa bayan fitowa, su yi ta gwaji har ya zauna a jikinsu. Fitowar ƙarshe kuwa ba ya faɗa wa kowa sai ana saura 'yan kwanaki a buɗe. Hujjarsa ita ce mutum ba ya sanin ƙarshensa, ɗan wasan da ya san ƙarshe kuwa tun daga farko tafiyarsa take tona shi. Suka ɗauki wannan tamkar doka. Tambayar Darakta yadda wasa zai ƙare, a wurinsu, rashin kunya ce babba.

Yaya ba ta taɓa yin ƙorafi a gabansa ba. Tana kallo yaran da ta koya wa tsayuwa a dandamali suka zama manyan taurari, ita tana nan da kofinta. Sai da furfura ta fara leƙo mata, wata rana bayan gwaji Darakta ya ce ta tsaya. Ya ce yana da wasa na mutum ɗaya, kuma nata ne. Ta iso shagona da rana tsaka tana haki kamar wadda aka biyo, ta zauna a kan tarin yaduka ta ce in auna ta. Rabon da in ga fuskarta haka tun muna yara.

Wasan na wata tsohuwar nas ne da ke zaune ita kaɗai. Ɗanta tilo ya kwashe mata komai ya gudu shekaru da yawa, har ta daina ambaton sunansa. Tana ta hidimarta a ɗaki tana magana ita kaɗai, tana gugar kaya, tana tuna wannan ta zagi wancan, sai aka ƙwanƙwasa ƙofa irin yadda ɗan nata yake ƙwanƙwasawa. Ta tashi, ta taka zuwa ƙofar tana faɗa masa duk abin da ta daɗe tana haɗiyewa, ta ɗora hannu a kan sakata. Nan Darakta ya tsayar da abin da ya ba ta. Ko za ta zare ko za ta bari, wannan sai ranar da ya ga dama.

Na sha leƙa gwajin in na kawo kaya. Ni ba mai saurin kuka ba ce, amma sai da na fita waje na fyace hanci. Ashe duk shekarun nan akwai wannan a cikin Yaya, aka bar ta da aron gishiri. Takan zo wurin sakatar ta ɗora hannu, ta kafe ko motsi babu, tana jiran a faɗa mata. Shi kuma ya zuba mata ido ta saman tabarau, ya daɗe, sannan ya ɗaga ɗan yatsa.

Aka shiga yau da gobe. Ya ce bayan damina, damina ta wuce. Ya ce wasan bai nuna ba tukuna. Ya sa wasu wasannin a gaba, Yaya ta ci gaba da aron gishirinta a cikinsu, in an tashi su biyu su tsaya su yi nata. Farar rigar nas da na ɗinka mata na buɗa ta da Yaya ta yi jiki, na rage ta da ta rame, har farin ya fara komawa ruwan ƙasa a rataye. Na ce mata jiran gawon shanu take yi, mutumin nan wasa yake da hankalinta. Ta ce mai haƙuri yakan dafa dutse. Na ce to, amma ban taɓa ganin wanda ya sha romon ba.

A cikin wannan jiran ne siton ya fara zama fayau. Mutane sun koma kallo a gidajensu, bencin baya aka fara jinginewa a bango, sannan na tsakiya. 'Yan wasa suka watse ɗaya bayan ɗaya. Sai ga labari wata safiya, Darakta ya faɗi a banɗaki. Da aka sallamo shi daga asibiti ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta tafi.

Yaya ta mai da gidansa wurin zuwanta. Matarsa, wata mai sanyin hali da ba ta taɓa taka siton ba sai ranar buɗe wasa, takan shimfiɗa mata tabarma kusa da kujerarsa ta koma kicin. Na raka ta wata rana na ga yadda suke yi. Ta matso kusa da kunnensa, cikin jin nauyi kamar mai aikata laifi, ta ce, "Darakta, ta buɗe masa?" Ya gyaɗa kai. Na ce shi ke nan, mun huta. Sai ta ce, "Ko dai ba ta buɗe ba?" Ya sake gyaɗa kai. Ta sa masa biro a hannun hagu, ya yi ta jan layi kamar tonon kaza har biron ya faɗi. Abu ɗaya ne ya rage masa cak, ɗan yatsan nan. In ta gaji da tambaya takan tashi ta yi masa wasan a falon, tsakanin firiji da teburin magunguna, ta kai ƙofa ta ɗora hannu ta waiwayo. Yawu na zuba a haɓarsa, zai ɗaga yatsan hagu ya juya shi, ita kuma ta koma farko.

Dama ɗaya ta samu, kuma a gabana ta zubar da ita. Cikin tsofaffin 'yan ƙungiyar akwai wanda muke kira Ɗan Kwalisa saboda son gayunsa, ya zama babban mai shirya wasanni a talabijin. Ya zo shagona da kansa ya same mu, ya durƙusa ya gaida Yaya. Ya ce mai siton ya ba wani dillalin katifu haya, ƙarshen wata za a kwashe bencina. Kafin nan yana so a buɗe wasan ko da sau ɗaya ne, zai kawo fitilu da kyamara, zai cika wurin da mutane. Abin da ya rage ta zaɓi ƙarshe, ko su zauna su zaɓa tare.

Yaya ta yi masa godiya, ta sa masa albarka, ta ce a'a. Raina ya ɓaci. Na ce, "Yaya, sakata ce fa. Ki zare ko ki bari. Wa zai san ba shi ya faɗa ba?"

Ta ce, "Ni zan sani. Kuma yana raye, ba a gadon mai rai."

Ɗan Kwalisa bai ja da ita ba, shi ma ɗan gidan ne, a jikinsa dokar take. Ƙarshen wata aka kwashe bencina. Jan labulen ni aka kawo wa, wai ko zan sami abin yi da shi, yana nan a ƙarƙashin teburin yanka har yau.

Darakta ya ja jiki a haka har damina ta zagayo, sannan ya cika. Da muka je gaisuwa, matarsa ta ja mu ɗaki ta ce akwai abin da ya daɗe yana cinta, ta yi shiru ne saboda yana raye kuma sirrinsa ne. Ta ce mijinta bai taɓa riƙe ƙarshen wasa a kansa ba, ko sau ɗaya. Zama yake yi ya zuba wa 'yan wasa ido, inda ya ga jikinsu yana son zuwa, nan yake faɗa musu a kwanakin ƙarshe kamar daga kansa ya fito. Ya ɓoye ne don yana tsoron in sun sani za su fara yi masa ƙarya da jikinsu.

Ta kama hannun Yaya ta ce, "Naki ne kawai ya gagare shi. Kullum in ya dawo sai ya ce yau ma hannun bai motsa ba. Jira yake ki ɗan ja ko ki ɗan saki, ko da ƙanƙani ne. Ke kuma kin tsaya kamar an dasa ki."

Na ji kamar in tone mutumin nan in tambaye shi abin da ya hana shi buɗe baki tun yana da shi. Shekara da shekaru mutum biyu a sito ɗaya, kowa na jiran ɗan'uwansa. Ladabin Yaya, wanda ya sa ya zaɓe ta, shi ne ya cinye ta. Ban taɓa jin baƙin ciki mai nauyin na ranar ba.

Muka hau mota muka sauka. A bakin layinmu ne Yaya ta ce matar nan ruɗewar rashi ce ke damunta, yaushe ta taɓa zuwa gwaji da za ta san yadda Darakta ke aiki. Na dube ta. Na gane in ta yarda da zancen nan ba abin da zai rage mata.

Yanzu a gidana take. Tsufa ya fara taɓa mata tunani, takan kira 'ya'yana da sunayen mutanen da suka daɗe da mutuwa, takan manta ta ci abinci ta ce mun hana ta. Amma wasan nan ko kalma ɗaya ba ta zube ba. Bayan la'asar takan jawo kujerar roba ta ajiye a tsakiyar falo tana fuskantar ƙofa, ta yi abinta daga farko, mutanen gida na ratsa ta suna wucewa kamar ba a yi.

Kwanakin baya na dawo daga kasuwa da kaya niƙi-niƙi, na tarar ta sa sakata ta ciki, ba kowa a gidan sai ita. Na ƙwanƙwasa. Sai na ji takunta a hankali, na ji muryar nas ɗin nan tana tahowa, tana faɗa wa ɗanta duk abin da ya yi mata. Na ji hannunta ya sauka a kan ƙarfen, sannan shiru.

Na ce, "Yaya, ni ce. Buɗe mana, kayan nan da nauyi."

Ta matso da bakinta jikin ƙofar ta ce da ni ƙasa-ƙasa, "Yi haƙuri, ƙanwata. Bai ce ba tukuna."

Na sauke kayan na zauna a kan dakali, ita a ciki ni a waje, har maigidana ya dawo ya zagaya ta ƙofar baya. Washegari ya kira kafinta aka cire sakatar. Yanzu in ta zo wurin, a kan ramukan kusoshin take ɗora hannu.