Ƙulun da Na Samo a Gwagwalada

Mun tashi da asuba daga Mararaba, ladanin masallacin bayan layinmu bai ma sauke kiran salla ba muka cika bas a ƙofar coci. Mutanena, ku gyara zama, yau akwai labari. Mu 'yan ƙungiyar addu'a ne, waɗanda ake ce wa 'yan karismatik, wato 'yan Katolikan nan masu tafi da ganga da ɗaga hannu sama, waɗanda Babana yake cewa mun fi injin markaɗe ƙara. Taron addu'a na yini guda za mu je a bayan Gwagwalada, ranar Asabar, jajibirin Fentikos, idin saukowar Ruhu Mai Tsarki.

Bari in fara gaya muku abin da na ƙunso a zuciya. Shekara uku ke nan ina cikin ƙungiyar nan, kuma abu ɗaya tak nake roƙo: baiwar harsuna, wato mutum yana addu'a sai bakinsa ya buɗe da yaren da bai taɓa koya ba. Mamana tana da ita. Tana tuƙa tuwo za ta fara addu'a da Hausa, can sai ka ji ta zarce wani abu daban, a hankali, kamar mai lallashin jariri. Ta rasu ina shekarar farko a jami'a. Wayata cike take da selfi da bidiyon shirme, amma ko sakan goma na muryar nan ban ɗauka ba. Shi ne na sa a raina cewa in bakina ya buɗe, ƙila in ji wani abu mai kama da nata. Waɗanda muka shiga tare duk sun samu. Har wata da ta zo bara, wadda ni na nuna mata inda ake zama, yanzu ba a iya tsayar da ita. Ni kuwa shiru kake ji.

Aikina a ƙungiya shi ne tarewa. In ana ɗora wa mutane hannu ana yi musu addu'a, wasu sukan sulale su yi baya, muna ce masa hutawa cikin Ruhu. To dole wani ya tsaya a bayansu ya tare su, ya kwantar da su a hankali, in mace ce a rufa mata zani a ƙafa. Ni ce wannan. Shekara uku ina kallon ƙeyar mutane. A jakata akwai zannuwa huɗu, ɗaya na Mama ne, shuɗi mai zanen kifi, kullum ina zuwa da shi amma ban taɓa rufa wa kowa shi ba.

Wanda ya san hanyar Mararaba zuwa Nyanya ya san ma'anar haƙuri. Asabar ce fa, gari bai waye ba, amma goslo ya riga mu tashi. Muka fara rosari, wato addu'ar carbinmu, muka gama shi kaf, ba mu wuce gadar Nyanya ba. Direbanmu Bakano ne, hayarsa muka yi, da carbinsa rataye a madubi. Da muka koma waƙa da tafi sai ya leƙo ta madubin ya ce, “Don Allah in kun zo wajen roƙo ku sa birkin motar nan a ciki.” Motar ta kwashe da dariya, wani ɗan'uwa a baya ya ɗaga hannu ya fara yi wa birki addu'a da gaske.

Muna haurawa shataletalen AYA sai ka ce wata ƙasa muka shiga. Titi fetal, fitilu a jere, masu shara da rigunansu masu ƙyalli, ba okada ko ɗaya. Kullum in na ratsa cikin garin Abuja da sassafe sai in ji kamar na shiga falon mai kuɗi da takalmi. Muka ɗauki hanyar filin jirgi, a Lugbe ruwa ya sauko, irin na farkon damina mai ƙamshin ƙasa. Tagar da nake zaune ba ta rufuwa, sai na jiƙe ta gefe ɗaya kamar an raba ni da layi.

A mahaɗar Giri ne jarabawa ta same mu. Azumi muke yi har sai an gama Mas, wato babbar sujadarmu, ga masu gasa masara sun jeru a bakin titi, ga gyaɗa dafaffiya, ga awara tana tururi. Ko da ba azumi ma, masarar bana sai ka yi shawara da aljihunka kafin ka miƙa hannu. Wata 'yar'uwa ta rufe ido ta ce tana tsawata wa ruhun masara. Ni dai na juya kai ina kallon matan Gbagyi da suka ɗoro doya da itace a kafaɗa, suna tafe a layi, ba ruwansu da ruwan sama. Ɗaya a cikinsu tafiyarta irin ta Mama ce sak, ƙafa ɗaya tana ɗan ja. Na bi ta da ido har muka sha kwana.

Gwagwalada kuwa, Gwags ɗinmu, ba ta canza hali ba. Ruwa ya ɗauke, rana ta fito da fushinta. Wajen taron filin wata makarantar coci ne a bayan gari, an kafa rumfuna, an jera kujerun roba, janareta yana ta gurnani. Jama'a daga Kubwa, Kuje, Zuba, ko'ina. 'Yan Gwarinpa sun zo da jif-jif da kuloli da fankar hannu mai caji, mu 'yan Mararaba muka zo da muryarmu. Aka buɗe da yabo, a yi waƙar Ibo, a juya ta Tibi, a faɗa ta Yarabanci. Da aka ɗauko ta Hausa, matan zumunta suka sa tulu da kacau-kacau, wallahi ƙasa sai da ta motsa. Na yi rawa har ɗankwalina ya faɗi.

Fada, limamin cocin, ya yi koyarwa kafin Mas. Ya ce baiwa ba lambar yabo ba ce, Ruhu Mai Tsarki yana bai wa wanda ya ga dama abin da ya ga dama, don amfanin jama'a. Ya ce faɗuwa ba dole ba ce, wani yana tsaye ƙyam ake yi masa aiki a zuciya. Na ji shi, amma da kunne ɗaya. Ina ce wa raina, Fada kai ka samu naka shi ya sa. Bayan Mas aka raba jalof da alala da fiya wata, na cinye ban ma ji ɗanɗano ba, hankalina yana kan ƙarfe biyu, lokacin ɗora hannu.

Antin da take kula da masu tarewa, wata nas ce mai kaifin ido, ta raba mu. Ta dafa ni ta ce, “Sista, layi na uku naki ne, ke kaɗai, mun yi ƙaranci yau. Kar ki matsa ko'ina.” Na ce to, Anti.

Aka fara. Waƙa ta yi ƙasa-ƙasa, masu addu'a suna bi ɗaya bayan ɗaya. Ta ko'ina harsuna suna tashi kamar ruwa a kan kwano. Na tare mutum biyar, na rufa zani uku. Ina durƙushe ina gyara wa wata ƙafa sai na hau lissafi. Shekarar ƙarshe nake a makaranta, baɗi bautar ƙasa za ta jefa ni inda Allah kaɗai ya sani. In ba yau ba, sai yaushe? Na duba, Anti ta ba da baya. Na ajiye jaka, na zagaya, na shige cikin layin na tsaya kusa da wata tsohuwa, na rufe ido na buɗe tafin hannu.

Masu addu'a suka iso kaina. Hannu biyu a kaina, ɗaya a kafaɗa. Na jira. Na ce Yesu, ko kalma ɗaya ce. Na buɗe baki, na ɗaga harshe, na jira. Abin da na ji kawai zufa ce tana gangara a bayana da ƙarar janareta. Na ji hannuwan sun fara sassautawa za su wuce, sai kunya da haushi suka haɗu suka ba ni shawara. Na ce in harshe ya ƙi, ai faɗuwa ba ta gagare ni ba, na ga yadda ake yi sau ɗari. Na saki jiki na yi baya.

Jama'a, wa ke tarewa a layi na uku?

A tsakiyar iska na tuna. Ƙeyata ta daki ƙafar kujera, sauran jikina ya samu siminti. Na ga taurari da rana tsaka. Wani ya yi ihu, “Alleluya!” Ni kuwa ina kwance ido a rufe, hawaye na zuba, mutane suna cewa Ruhu yana aiki, alhali azaba ce tsagwaronta. Ko mai rufa min zani babu, tunda zannuwan suna wajena.

Ban san abin da ya sa na ɗan buɗe ido ɗaya ba. Tsohuwar da ke kusa da ni ce aka ɗora wa hannu, 'yar ƙarama, siririya, ta fara layi kamar karan dawa a iska. Bayanta ba kowa sai simintin nan da na gama gaisawa da shi. Ban yi tunani ba. Na zabura na miƙe kamar an ɗana min wuta, na cafe ta tana dab da ƙasa, muka zube tare, kanta a cinyata. Duk wanda ke wajen ya gane. Mai hutawa cikin Ruhu ba ya tashi da gudu haka. Na ɗago, idona ya faɗa cikin na Anti. Ta turo min jakata da ƙafa.

Zani ɗaya ya rage a ciki. Na rufa wa tsohuwar shuɗin mai kifi.

Sai ta fara addu'a. Da Hausa ta fara, irin Hausar ƙauye ta wajen su kakata, tana kiran sunayen 'ya'yanta ɗaya ɗaya. Can sai ta zarce. A hankali, ba ihu, kamar mai lallashin jariri. Ba muryar Mama ba ce, ba zan yi muku ƙarya ba, ta tsohuwar ta fi kaushi, kalmomin ma daban. Amma hawa da saukar, da yadda take jan numfashi a tsakiya, kai! Na ji ƙamshin tuwo a hancina. Wayata tana aljihu, wallahi na tuna da ita, amma hannuna ɗaya yana ƙarƙashin kanta, ɗayan ta riƙe shi gam. Na bar wayar. Na zauna a simintin nan na yi kukan da ban yi ba tun ranar jana'iza. Da ta farfaɗo ta dube ni ta ce, “'Yar nan, Allah ya tare ki yadda kika tare ni.” Ta ninke zanin da kanta ta miƙo min. Ko sunanta ban tambaya ba.

Kafin mu tafi na sami Fada a gindin mangwaro yana jin ikirarin zunubi, na durƙusa na faɗi abin da na yi. Abin da ya ce min tsakanina da shi ne, amma na ga kafaɗarsa tana rawa, kuma ba kuka yake yi ba. Anti kuma ta danna min ƙanƙara a ƙeya da ƙarfin da ya fi na magani, ta ce, “Da tsohuwar nan ta fasa kai, da wane yare za ki yi min bayani?”

A mota kuwa na sha tsiya. Kafin mu kai Giri an raɗa min suna Sista Layi Na Uku. Ɗan'uwan nan mai yi wa birki addu'a ya ce shi bai taɓa ganin tashin matattu shap-shap irin nawa ba. Direba da aka ba shi labari ya ce, “Hajiya, ai ko mu in za mu yi ribas sai mun duba madubi.” Wannan karon mun ci masarar, aljihu ya yi haƙuri. Goslon Nyanya ya karɓe mu hannu biyu kamar yadda ya saba, muka shiga Mararaba ana shirin magariba.

Baba yana zaune a ƙofar gida da rediyonsa. Shi ɗan Katolikan da ne, rosari da shiru, bai taɓa zuwa taronmu ba. Ya san abin da na je nema, don haka ya ce, “To, an samu?” Na ce a'a Baba, ƙulu dai na samo. Na ba shi labari tas, ina jiran faɗa. Ya kashe rediyo, ya sa hannu ya laluba ƙeyata, ya daɗe yana taɓa wajen. Sai ya ce, “Nata ta gefen hagu ne.” Na ce na wa? Ya ce, “Uwarki mana. Shekara bakwai tana tarar mutane bakinta bai buɗe ba. Wata rana ta dawo min da irin wannan, ta ce ƙofar mota ce. Sai da aka haife ki ta gaya min gaskiya.” Ya dubi zanin da ke hannuna, ya ce da shi take zuwa, ya tashi ya shige ɗaki da sauri.

To mutanena, abin da na koyo a tafiyar nan ke nan. Baiwa ba a ƙwatarta, kuma in an ba ka waje ka tsaya, akwai kan wani da ya dogara da tsayuwarka. Ban daina so ba fa, kar ku ɗauka na zama waliyyiya. Jiya ma ina wanke-wanke na buɗe baki na jira, ba abin da ya fito. Mama ta yi bakwai, ni ina uku. Ranar Laraba akwai addu'a a coci, na riga na goge zannuwa, shuɗin ne a sama.