Zaren da Goggo Zina Ta Ce a Ciza

Kafin gari ya gama wayewa, lokacin da kogin Kama ke tururi kamar tukunyar da aka manta a wuta, Zinaida Lukinishna takan sauka daga bas a bayan gidan rawa na birninmu Perm, ta bi ƙofar ma'aikata, ta hau bene har can kusa da rufi. Ba ta saurin kunna fitila. A wannan ɗaki ake rataye siket-siket na masu rawar bale, waɗanda Faransawa ke kira tutu, mu kuwa pachka muka sani. A kife ake rataye su, don kada ragar ta saki jiki. Da iskar ƙofa ta taɓa su sai su shiga lilo a hankali, farare da ruwan toka, kamar garken tsuntsayen ruwa da barci ya kwashe a sararin sama. Takan tsaya ta gaishe su tukuna. Mai shara ta rantse ta sha ji da kunnenta.

Daga nan sai shayi mai kauri a kofin gilashi, sai allura.

Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, don ido ya fara gardama da kafar allura. Na san yadda bikin zai kasance. Shugaban gidan zai karanta abin da wani ya rubuta masa, a miƙa mata fure da agogon bango, kamar mai komawa gida ta zauna tana da buƙatar a riƙa tuna mata lokaci. Na karanta littattafan rawa har sun ci mini ido, malamai sun ɓata takarda a kan wuyan wance da yatsun wance, ban ga wanda ya tambayi hannun da ya ɗinka gajimaren da suke shawagi a ciki ba. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Kowa a gidan Goggo Zina yake ce mata. Raga take jerawa, fallen wannan bisa wancan, kowanne ya ɗara na ƙasansa faɗi, ta riƙa ɗaure su da hannu, ɗauri mai numfashi. Takan ce in ka matse ka yi faranti, in ka sassauta ka yi kabeji. Ɗinkin ƙarshe kuwa a jikin mai rawar ake yinsa, tana tsaye. A nan ne al'adar kakanninmu ke shigowa: ba a ɗinki a jikin mutum sai ya ciji guntun zare, in ba haka ba za a ɗinke masa tunani ya manta abin da ya sani. Akwai masu rawa a gidan nan da ba su yarda da Allah ba, ba su yarda da likita ba, amma ba a taɓa samun wadda ta ƙi cizon zaren Goggo Zina ba. Sai Taya.

Taya, wato Taisiya Gordiyeba, maƙwabciyarmu ce, ƙofarta na kallon tamu. Tana ganiyarta gwiwa ta ci amanarta wata rana ana gwaji. Likitoci suka ce za ta yi tafiya, rawa kuwa ta ƙare. Gidan rawa ya aiko da fure, ya ba wata gurbinta. Taya ta ja labule, ta juya madubi ya kalli bango, ta kwashe sanyin shekarar gaba ɗaya ba ta sauko ba. Matata Rimma, wadda ke kaɗa musu piyano wurin gwaji, takan ajiye mata miyar kabeji a bakin ƙofa, washegari ta ɗauke kwanon yadda ta ajiye shi. Mun kai inda kullum safe muke kasa kunne mu ji ko akwai motsi, muna tsoron ranar da za a ce a ɓalle ƙofar.

Rimma ce ta kai maganar sama wurin Goggo Zina, ita ce kuma ta riƙe allurai ranar da abin ya faru. Ta ba ni labarin sau da yawa kafin ta rasu, ba ta taɓa sauya ko kalma ba.

Ranar Lahadi da rana tsohuwar ta zo da ƙunshi. Taya ta buɗe, don ba a rufe wa Goggo Zina ƙofa. A cikin ƙunshin akwai doguwar pachka da Taya ta saba fitowa da ita a rawar kurwoyi, wadda gidan ya yar saboda tsufa. Tun a gida Goggo Zina ta warware ɗaurin, ragar ta zubo ƙasa, ta jiƙa ta cikin ruwan shayi har farin ya koma kalar burodi, ta sa mata faffaɗan ƙugu irin na siket ɗin kowa.

"Tashi tsaye, tarin ƙasusuwa," in ji ta. "Ban hawo bene don in ɗinka wa kujera ba."

Taya ta kau da kai ta ce ta gama da raga har abada. Tsohuwar ta ce wa ya yi zancen rawa, wa zai bar mai ɗingishi ta hau dandali, wannan na zuwa sayen burodi ne. Rimma ta ce ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Amma Taya ta miƙe. Da aka zura mata siket ɗin sai ya nemi zamewa, don ƙugun ya rame, dole a rage shi a jiki. Goggo Zina ta tsinki zare ta miƙa mata.

"Ciji."

"Ba zan ciza ba, Goggo. Ɗinka haka nan. Ki ɗinke shi duka in manta."

Tsohuwar ta dube ta, ta soke allurar a wuyan rigarta, ta ja kujera ta zauna. Ta ce ba ta taɓa ɗinke tunanin kowa ba, ba kuwa za ta fara ranar Lahadi ba. Ta ce Rimma ta ɗora ruwan shayi.

Haka suka kasance. Taya na tsaye riƙe da siket da hannu biyu, gwiwar na karkarwa, ta ƙi zama ta ƙi ciza. An ɗan yaye labule, dusar ƙanƙara na sauka a hankali kamar ba ta da niyyar isa ƙasa, hasken ya faɗa kan ragar, ɗakin ya zama kamar ƙarƙashin ruwa. Goggo Zina na kurɓar shayi tana hira da Rimma, kamar ba kowa a tsaye. Ta ba ta labarin wata yarinya mai fiffiken kunne da aka kawo mata gwajin farko, ta haɗiye zaren don tsoro, ta yi ta kuka wai zai ɗaure mata hanji. Kafaɗar Taya ta motsa, ba a san dariya ba ce ko kuka.

"Ciwo nake ji idan na tuna," in ji ta can ƙasa-ƙasa.

"Na sani, 'yar nan. Ƙafa ta tafi, ba ni da zaren da zai dawo da ita. Amma abin da ke cikin kanki ba naki ba ne ke kaɗai. Tsofaffi ne suka zuba miki shi da sanda a hannu, duk sun mutu. In na ɗinke, a ina za a samo?"

Shayin ya huce kafin Taya ta saki siket ɗin da hannu ɗaya ta karɓi zaren. Ta cije shi har sai da haƙoranta suka yi ƙara.

Abin da na gani da idona shi ne na bayan haka, ta taga. Taya ta fito cikin tsohon kwat ɗin mahaifinta da takalman sanyi masu nauyi, tana jan ƙafa ɗaya, ragar na tashi tana kwanciya a bayanta kamar hayaƙi bisa farar ƙasa. Shagon burodi ta je. Mai shagon ta zagayo daga bayan teburin ciniki ta shafa yadin ta tambayi inda ake sayarwa.

Kafin ƙanƙara ta narke 'yar mai shagon ta ɗinka nata da labulen uwarta. Da zafi ya shigo, bakin kogi ya cika da su: ɗalibai da takalman gudu, wata mai tura keken jariri, har da matar da ke yankar tikiti a bas ɗinmu, wadda ta ɗora nata kan wando. Mujallu sun ce yayin daga Paris da Milan ya taso. Wataƙila, su ma masu rubutun sai sun ci abinci. Mu dai a layinmu mun san daga benen da ya sauko. Ita Goggo Zina cewa take yi ɗinkin keke ne, sun cika gajarta, duk za su kwashi sanyi a ƙoda. Amma na zauna bayanta a bas, na ga yadda take waiwayen kowanne har ya ɓace.

Ke ce, Zinaida Lukinishna, mai hannun da ke ɗinka iska. Ke ce wadda sunanta bai taɓa hawa allon ƙofar gidan rawa ba, alhali kowane tafi da aka yi akwai rabonki a ciki. Kin hau benen da masu fure ba su hau ba, kin zauna a ɗakin da ba a so a zauna. Ku da kuke da wanda ya ja labule ya rufe ƙofa, kada ku aika da gaisuwa. Ku je, ku ja kujera, ku yi taurin kai irin nata.

Yanzu Taya na koyar da ƙananan yara a wani ɗaki bisa ɗakin karatu na unguwa. Ba ta iya nuna musu da ƙafa, daga kujera take faɗa, da hannu da murya, taku bayan taku, rawa bayan rawa, ba tare da ta duba komai ba. Manyan masu rawa ma sukan lallaɓo su tambaye ta yadda tsofaffi ke juya wuyan hannu a wuri kaza. Ba ta manta ko ɗaya ba.

Mun gode da dubban ɗinkin da kika yi, Goggo Zina. Mun fi gode miki da guda ɗayan da kika ƙi yi.