Abin da Ya Tafi a Hannun Wijdan

Na Allah ne mu, wurinSa kuma za mu koma, sai dai ban zaci za ki riga ni ba. Ranar Talata, sha biyu ga Sha'aban, daidai da sha ɗaya ga Fabrairu, da hantsi ana ruwan sama, motar jikata Dakta Wijdan Fawwaz ta zame a gangaren da ke tsakanin garinmu As-Salt da Amman. Kafin a kai ta asibiti rai ya yi halinsa. Shekarunta talatin da huɗu. Ni ce Ummu Fawwaz, wadda ta haifi mahaifinta.

Wijdan, ke ce kike yanke min farce duk Juma'a, kina mitar cewa na fi tunkiya kofato. Daga nan ki gangara kwarin Gor, wurin 'ya'yan manoman tumatir da ƙudan rairayi ke ciza, gyambo ya ci musu kumatu, ki kwaso masu tsanani a motarki zuwa asibiti. Ban bar ki kin huta ba. Na ce, "Wace irin dakta ce ke? Shekara biyar gwiwata na ciwo, ko matsawa ba ki taɓa yi ba."

Kika kira ni Sitti, wato kaka, kika ce, "Gwiwarki tsufa ne, shi kuwa ba a samo masa magani ba."

A teburin girkina kika fahimtar da ni aikinki. Ƙwayar cutar gyambon tana da wani furotin, kuma ba za a ƙera magani ba sai an ga siffarsa. Kuna lallaɓa shi wata da watanni har ya daskare ya zama 'yan lu'ulu'u da ba su kai ƙurar gari ba. Sai a harba musu haske irin na hoton ƙashi, amma mai tsananin ƙarfi. Kowane ɗaya hoto guda yake bayarwa ya ƙone, ga shi ana bukatar dubbai. Duk wahalar ita ce yadda za a gabatar da su gaban hasken ɗaya bayan ɗaya. In an feso su cikin ruwa, aikin shekara ya tsiyaye cikin awa guda. In an shimfiɗa su a faranti mai ramuka, naki bushewa suke su tsage. Abin da ya rage shi ne a cuɗa su cikin mai mai kauri, a matso ta allura, ya fito kamar zare, bai kai gashi kauri ba. Duk man da kika sayo, ko ya narkar da su ko ya toshe allurar.

Wata bazara ina narka samna, man da nake fitarwa daga nonon tumaki, kika tsoma yatsa kika murza. Kin tafi, na tarar kwalba ɗaya ta bi ki. Na kira ki a waya na ce duk karatun nan ashe sata aka koya miki. Kika ce, "Sitti, na gaba kada ki sa masa kurkum, don Allah." Shekara biyu ina ware miki naki, fari, ba ƙamshi, ina gaya wa maƙwabta cewa jikata na ciyar da ƙurar gari da mai. Ranar da zaren ya fito santal kika aiko min hotonsa. Na ce tsutsa na gani.

A rana ta uku ta zaman makoki, bayan an zaga da gahawa mai ɗaci, wata mata ta durƙusa kusa da ni. Dakta Nariman ce, abokiyar aikinki.

Ta ce, "Hajja, ki yafe min, na san ba lokacinsa ba ne. Shekara biyu muna jiran a ba mu kwana uku a babbar na'urar haske ta Jamus, an ba mu, saura sati uku. Lu'ulu'un suna firiji, ba za su wuce wata ba. Wijdan ta rubuta komai, ban da yadda take haɗa man. Ta ce sai mun dawo za ta rubuta, yanzu a hannunta yake. Ko ta bar wata takarda a nan?"

Ba ki bari ba. Mun zazzage ɗakinki har ƙarƙashin katifa.

Sau nawa kika roƙe ni in zo in ga wurin aikinki, ina cewa ba zan hau bene don kallon ƙura ba? Na hau, Wijdan, da sabuwar kwalba a jaka. Suka sa min farar riga. Nariman ta haɗa sirinji biyu baki da baki, tana tura man daga wannan zuwa wancan. A allo zaren ya fito, ya nannaɗe, ya tsinke. Na biyu ya toshe. Nariman ta ce kina ƙara wani abu, kuma kina dunƙule sirinjin a tafin hannu kafin ki matsa.

"Minti nawa, Hajja? Ke kika koya mata, haka ta faɗa mana."

Na ce, "Har sai ya yi."

"Ta yaya ake sanin ya yi?"

Na tsoma hannu cikin kwalbar. Na murza man a yatsana, na san ya yi wa tukunya daidai, amma allura ban san ta ba. Sau huɗu muka gwada, kowane gwaji yana cin lu'ulu'un da kika yi wata takwas kina reno. A na biyar Nariman ta rufe firijin ta ce abin da ya rage ba zai ɗauki wani kuskure ba. Ranar Alhamis za su tashi. Na tambaye ta ko tana sa rai. Ta ce, "Za mu je ne don kada wurin Wijdan ya zauna ba kowa."

Ga abin da ban gaya mata ba. Kina 'yar shekara tara kin shigo min da littafin makaranta da fensir, za ki rubuta yadda nake dafa mansaf, shinkafarmu da naman rago, cokali nawa, minti nawa. Na ƙwace littafin, na kira gwaggwanninki muka yi ta dariya, na ce a gidan nan marasa hannu ne kawai ke rubuta girki. Kika yi kuka, na ba ki alawa. Ni wasa nake. Ke kuwa ba ki sake auna wani abu da ya fito daga tukunyata ba, har wanda ya kamata.

Ina miƙa ta'aziyya ga ɗana Fawwaz da mahaifiyarki Suhaila, ga mijinki Bashshar da 'yarki Tala, ga Nariman da abokan aikinki, da yaran Gor waɗanda za su ci gaba da jira. Allah Ya jiƙan ki, Ya yalwata kabarinki, Ya haskaka shi. Allah Ya ba ki ladan maganin da kika yi niyya, ko da ba a same shi ba. Ya ba mu haƙurin da ba mu da shi. Ni kuma, Wijdan, ki yafe min dariyar nan kafin in iso.