Gidan Malam Ilu Ba Na Sayarwa Ba Ne

Wata rana da hantsi, wani tsohon hedimasta mai suna Malam Ilu ya zare makullin gidansa ya miƙa wa dillali.

 Da ya zo yi masa bayani, sai muryarsa ta yi ƙasa.

Shekara ashirin da uku yana cikin gidan nan. Ya sayi filin tun wurin yana gonar dawa, ya yi ta ginawa da kaɗan-kaɗan, bana ɗaki ɗaya, baɗi kicin, har ya zama gida mai ɗaki huɗu da rijiya da bishiyar gwaiba a tsakar gida. A nan ya aurar da 'ya'yansa mata biyu.

Ba marmari ya sa zai rabu da shi ba.

Matarsa Hansatu ce ciwon ƙoda ya kama. Duk Litinin da Alhamis sai an kai ta Kano wankin ƙoda, kuma daga garinsu zuwa can awa uku ne idan hanya ta yi kyau. Ba ta cika yin kyau ba.

Su fita bayan sallar asuba, ta yi awa huɗu a kan na'ura, sannan a sake cusa ta cikin motar haya su kamo hanyar gida.

Likita bai ɓoye masa ba. Ya ce abin da na'ura take gyarawa, hanya ce take ɓatawa. Su nemi wurin zama kusa da asibiti tun da sauran ƙarfinta.

Mafita ɗaya ce ta rage masa: ya sayar da wannan, ya sayi ɗan ƙarami a Kano.

To amma Malam Ilu mutum ne mai gudun abin faɗa.

Shi ake kai wa ƙara idan ma'aurata sun saɓa. Shi yake rubuta wa unguwa takardar koke. Shi ake sa wa a gaba idan za a je neman aure. Kuma kun san halinmu. Da an ji mutum ya sa gidansa a kasuwa, ba mai tambayar dalili, sai dai a ce, "Allah sarki, wane ya karye."

Wannan kalmar ce ya kasa haɗiyewa.

Don haka ya kafa wa dillalin, Mamuda, sharuɗɗa. Ba rubutu a jikin katanga. Ba hoton gidan a waya. Masu dubawa kuma sai ranar Litinin ko Alhamis, lokacin da su ba sa nan. Idan wani ɗan unguwa ya yi tambaya, a ce masu gyaran silin ne.

Mamuda ya sosa ƙeya.

"Malam, a wannan kasuwar? Wanda ake shelarsa ma bai tafi ba, balle wanda ake ɓoyo."

"Haka dai nake so."

Gaskiyar Mamuda ce kuwa, kasuwar gidaje ta yi sanyi ƙwarai. Damina ce, mai ɗan abin hannu ya zuba a taki, 'yan kasuwa kuma kowa ya ƙanƙame nasa yana jiran ya ga inda abubuwa za su karkata. Mamuda kansa yana da gidaje tara a hannu, wani ya shekara ba a ko taya ba.

A cikin wata biyar, mutum shida kacal suka zo duba gidan Malam Ilu.

Abin mamakin shi ne duk shidan gidan ya yi musu. Su ɗanɗana ruwan rijiyar su yaba. Su daki bango su ji ba na algus ba ne. Ɗaya ma har ya dawo da matarsa, ta tsaya tana nuna inda za ta ajiye firiza.

Sai su ce za su yi shawara.

Daga nan shiru. Mamuda ya kira, ba a ɗauka. Wani da suka yi kiciɓis a kasuwa, sai ya kawar da kai kamar bai taɓa ganinsa ba.

Malam Ilu ya rage farashi. Ya sake ragewa. Ya yi sadaka, ya yi addu'a, ya ɗora laifin duka a kan kasuwa, domin ita ce mai laifin da kowa ya yarda da shi.

Ita kuwa Hansatu tana ta ramewa.

Da can a mota takan ɗan yi hira, ta ce a tsaya a saya wa jikoki rake. Yanzu sai dai ta jingina kai da gilashi ta rufe ido. Kujera biyu yake biya mata don ta miƙe ƙafafunta da suka kumbura. Ya haddace ramukan hanyar nan kaf, domin duk wanda mota ta faɗa, a fuskarta yake ganinsa.

Tausayinta ya ishe shi. Amma bakinsa bai buɗe wa kowa ba.

Katanga ɗaya suke da wani dattijon tela, Baba Sallau. Ya haura saba'in, kuma daga safe har la'asar yana zaune a zaurensa yana taka keke, ƙofa a buɗe. Ba abin da zai gilma a layin nan bai gani ba.

Kullum suka haɗu gaisuwar ɗaya ce.

"Malam, ya mai jiki?"

"Da sauƙi, Baba. Alhamdu lillahi."

Shi ke nan. Kowa ya koma da abin da ke cikinsa.

Akwai abin da Malam Ilu ya manta, duk da iliminsa. Bahaushe ba ya sayen gida a bakin dillali kaɗai. Idan da gaske yake, sai ya bari an kwana biyu ya dawo shi kaɗai, ya nemi dattijon da ya fi daɗewa a layin, ya durƙusa ya yi tambaya. Gado ne? Akwai rigima? Ruwa yana kwanciya?

A layin su Malam Ilu, dattijon nan Baba Sallau ne.

Wata Litinin, bayan an sauke Hansatu daga na'ura, jiri ya kwashe ta a bakin ƙofar asibiti. Aka ba ta gado. Ƙanwarta ta zo ta zauna da ita, shi kuma ya koma gida ranar Laraba da yamma don ya ɗebo mata kaya.

Haka aka yi Alhamis ta same shi a gida, ranar da duk layin ya san ba ya nan.

Yana ɗakin waje yana ninke mata zannuwa, sai ya ji an yi sallama a zauren Baba Sallau. Tagar ɗakin tana kallon wurin. Keken ɗinki ya tsaya.

Baƙon ya gaishe da dattijon, ya ce tambaya ce ta kawo shi a kan gidan nan na kusa. An nuna masa shi makon jiya.

Baba Sallau ko numfashi bai ja ba.

"Ɗana, gidan Malam Ilu ba na sayarwa ba ne. Wanda ya kawo ka macuci ne. An ba shi makulli ya yi gyara, ya ga mai gida yana fama da jinya, shi ne yake neman cin amana. Ka riƙe kuɗinka. Kai ne na shida da na faɗa wa haka."

Zanen da ke hannun Malam Ilu ya faɗi ƙasa.

Na shida.

 Zai iya yin shiru, baƙon ya tafi, asirinsa ya zauna a rufe. Wallahi zuciyarsa ta raya masa haka. Sai ya tuna yadda ya baro Hansatu a kan gadon asibiti, ko ɗaga hannu ta kasa yi ta yi masa sallama.

Ya zura takalmi ya fito.

Baba Sallau ya gan shi ya washe baki.

"Yauwa! Ga mai gidan da kansa. Malam, faɗa masa da bakinka."

"Na sayarwa ne, Baba."

"Na'am?"

"Ni na ba Mamuda makulli. Ni na ce ya ce gyara ne. Kano za mu koma, hanya tana neman kashe mini mata."

Dattijon ya cire tabaransa ya ajiye a kan keke. Ya dubi Malam Ilu kamar yau ya fara ganinsa.

"Shekara ashirin da uku muna katanga ɗaya, Malam. Ai kafin dillali, maƙwabci ake fara yi wa tayi."

"Kunya na ji, Baba. To kai me ya hana ka gaya mini ana kawo mutane gidana?"

"Kana ɗauke da mara lafiya, in zo in ƙara maka da labarin macuci? Na ce bari in tsare maka gidan, kai ka ji da jinya."



Wata biyar mutum biyu suna tausayin juna a ɓoye, kowa yana ganin kara yake yi wa ɗan'uwansa. Mai jinya kuma tana kan hanya.

Ba zan yi muku daɗin baki ba: baƙon nan bai sayi gidan ba. Ya ga abin ya yi masa yawa, ya yi musu Allah ya sawwaƙe, ya hau babur ɗinsa.

Amma washegari keken Baba Sallau bai yi ƙara ba.

Ya rufe zaure, ya ɗauki sandarsa. Wurin Mamuda ya fara zuwa. A gaban sauran dillalai ya tsaya ya ce ya yi wa bawan Allah nan ƙazafi har sau shida, ya zo neman yafiya. Mamuda da ya yi wata biyar yana mamakin abin da ya ɓata masa suna, sai ya rasa fushi zai yi ko dariya.

Daga nan suka bi mutanen ɗaya bayan ɗaya.

Biyu sun riga sun sayi wani wuri. Ɗaya ya fasa. Ɗaya ya ce shi kam ya tsorata. Sai mai matar nan da ta zaɓi wurin firiza, wani mai sayar da hatsi. Har rumfarsa Baba Sallau ya same shi, tsoho da furfurarsa, ya ce, "Ni na kore ka, ni kuma na zo in dawo da kai. Kuskure na yi."

Shi da kansa ya zagaya da shi gidan. Ya nuna masa inda ruwa yake bi ya fita. Ya gaya masa rijiyar ba ta taɓa ƙafewa ba. Ya kuma gaya masa ɗakin baya yana ɗan yoyo ta kusurwa ɗaya, don kada a ce an rufe shi.

Bayan sati biyu aka yi ciniki a gaban mai unguwa. Farashin bai kai wanda mutumin ya so biya da farko ba, kasuwa ta ƙara sanyi a tsakani. Amma ya isa ɗan gida mai ɗaki biyu, tafiyar minti goma a Keke Napep zuwa asibiti.

Ranar tashi, layin gaba ɗaya ya fito lodin kaya. Mata suka kawo dambu da soyayyen nama na guzuri. Malam Ilu ya yi ta kasa kunne ko zai ji an ce ya karye.

Ba wanda ya ce. "Allah ya ba ta lafiya" kawai ake ta faɗa.

Alhamis ta farko a Kano, suka je wankin ƙoda suka dawo kafin a kira azahar. Hansatu ta zauna a kan tabarma ta sha kunu da hannunta, har ta ce a ƙara mata.

Yana kallonta, sai ya ji ba zai iya ci gaba da riƙe maganar ba. Ya gaya mata komai, tun daga sharuɗɗan da ya kafa wa dillali har abin da ya ji ta taga. Ya ce don mutuncinsu ya yi, kada a nuna su a unguwa.

Ta ajiye kofin. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ma ɓata rai ba.

"Malam, da ka tambaye ni, da na ce maka ni ban ƙi a ce mun talauce ba. Hanyar ce kawai na gaji da ita."

 Hawaye ne kawai suka zubo wa Malam Ilu.

Darasi:

Kasuwa takan yi sanyi, wannan ba a hannunka yake ba. Amma kafin ka ɗora mata laifi, duba ko shirunka ne ya tare ƙofa.

Wanda yake ƙaunarka, idan ka bar shi cikin duhu, da ƙaunar tasa zai iya ɓata maka abin da kake nema, kuma ba laifinsa ba ne.

Mafi nauyi kuma: wani lokaci mutuncin da kake karewa, wani ne a gidanka yake biyan kuɗinsa da jikinsa. Ka tambaye shi ko ya yarda.

Idan ka san wani da yake ɗauke da nauyi shi kaɗai yana cewa "da sauƙi", tura masa wannan. Kai kuma da ka gama karantawa, leƙa maƙwabcinka yau, ka zauna, ka yi masa tambayar da ta wuce gaisuwa.