Malam Muttaƙa, Mai Raɗa wa Butan Suna

Ku yi mini afuwa. Ban taɓa rubuta abin da wani zai karanta ba. Amma yau Malam Muttaƙa ke ajiye aiki, na ga kowa ya kawo tabarma ko turare, ni kuwa biro kawai gare ni.

Malam shi ke koya mana ordinatar, wato kwamfuta, a wata 'yar cibiya a nan Magarya. Kullum da safe yakan jingine babur ɗinsa ƙarƙashin bishiyar bedi, ya yaye zannuwan da yake lulluɓe na'urorin da su, ya tambayi mai gadi ko akwai wuta. In babu, a kan allo yake zana mana tagar manhaja da alli, mu riƙa danna bango da yatsa.

Darasinsa na farko bai taɓa canzawa ba. Kowane butan, wato maɓallin dannawa, da ka ɗora a taga yana da rubutun fuskarsa, wanda jama'a ke gani, yana kuma da suna na ciki, wanda da shi kake ba shi umarni: in an danna ka, yi kaza. Ordinatar kan lanƙaya masa suna da kanta, Butan1, Butan2. Malam ba ya yarda.

"Gidanku haka ake kiranku? Yaro ɗaya, Yaro biyu?"

Wanda duk ya bar butan haka, sai ya sayo dabino a yi suna a cikin aji. Malam ya gyara hula, ya ce an raɗa masa butanAjiye, Allah ya raya. Mu ce amin, mu ci.

Abin da zan faɗa yanzu Anti Khairat ce ta ba ni labari, don a gabanta aka yi. Tana aiki a wani ƙaramin gidan rediyo wajen Dungas tare da Halilu, tsohon ɗalibin Malam. Halilu ya haɗa musu manhajar sakin sauti. A fuska ya rubuta komai daidai, wannan Ta'aziyya, wancan Biki. A ciki kuwa Butan7 da Butan8 ya bar su, don a ganinsa Malam yana Magarya, wa zai ci shi tarar dabino? Da ya zo ɗaura musu umarni, sai ya ba wannan aikin wancan.

Ranar da aka fara amfani da ita, Halilu ya karanta sanarwar rasuwar wani dattijo makiyayi na garin Yekuwa, ya sassauta murya, ya danna Ta'aziyya. Guɗa ta tashi, kalangu ya biyo. Har garin Waca an ji.

Washegari amalanke ya tsaya a ƙofar rediyon, ɗauke da Laminu, babban ɗan marigayin, da sandarsa, da mahaifiyarsa Inna Saliha. Mai gidan rediyon ya ce da Halilu ya tattara kayansa. Halilu kuwa matarsa na da tsohon ciki, kuma ba shi da ko kunyar gona.

Anti Khairat ta kira Malam. Ya ce, "Ki ce wa Halilu ya sayi dabino." Kafin azahar ya iso, ya durƙusa ya yi wa Inna gaisuwa, sannan ya zaunar da Halilu gaban na'urar, ya roƙi mutanen Yekuwa su matso.

"Inna, wannan butan na mutuwa ne. Yaron nan bai sa masa suna ba, shi ya sa ya ɓace masa. Me za a kira shi?"

Ta kalli gilashin na'urar. "A ce masa Haƙuri."

Halilu ya rubuta butanHaƙuri, ya ɗaura masa sautin da ya dace. Malam ya ce Laminu ne zai gwada. Laminu ya ajiye sanda, ya danna kamar mai taɓa garwashi. Addu'a ta fito.

"To, ɗayan fa?" in ji Inna. "Danna mini in ji abin da ya kawo ni."

Kalangu ya tashi. Ta saurara har ƙarshe, ta share ido da gefen mayafi.

"Marigayin ai da yana nan sai ya ce a ƙara. Kai Laminu, bar ɗan mutane ya ci abincinsa."

Aka yi sadaka da dabinon. Mai gidan rediyon ya ci nasa, bai sake maganar kora ba.

Malam, kai ne ka hau babur cikin zafin rana saboda ɗalibin da ya ƙi jin maganarka. Kai ne mai gyara ba tare da tozartawa ba. Mun gode, Allah ya saka. Masu koyarwa, ku yi koyi da shi. Masu koyo, ku sa wa butan suna tun dabino bai yi tsada ba.

Ga Halilu can a gaba yana haɗa lasifika, har yanzu a bakin aikinsa yake. Ya ce zai saki waƙar ban kwana, kuma na ga Malam ya leƙa na'urar kafin ya zauna. Ni zan sa takardar nan ƙarƙashin hular kwanon Malam in bi ta ƙofar baya. Ban sa sunana ba. Na san hukuncin, zan bar dabino kusa da ita.