Takalmin Ruwan Mama Milka

Dokar kiwo ta unguwarmu da hannuna na rubuta ta, saboda haka ba ni da bakin zagin kowa a wannan labari. Sunana Azariya. Na yi ritaya daga reluwe, kuma da mutane suka lura ina da biro da tabarau sai suka naɗa ni sakataren kwamitin unguwa, nan bayan layin dogo a Kafanchan. Wadda zan ba da labarinta ita ce Mama Milka, maƙwabciyata ta shekara talatin.

'Yar Fadan Kagoma ce, aure ya kawo ta nan. Mijinta Boaz mai gyaran layin dogo ne, ya rasu ya bar ta da yara biyar da macen alade guda. Daga wannan alade guda ta saka yaran nan duka a makaranta har suka gama, ta sauya kwanon ɗakinta, ba ta taɓa miƙa wa dangin miji hannu ba. Gajeruwa ce, amma in ta kira suna daga ƙofar gidanta har masu sayar da masara a tasha sai sun waiwaya. Rani da damina tana cikin baƙin takalmin ruwa, ba ta cire shi sai ran Lahadi in za ta sujada. Aladunta takan yi musu faɗa da yarenta na gida, mu mutane kuwa da Hausa take wanke mu. Ina jin tsoronta, ina kuma ganin girmanta, har yau.

Da muka zo unguwar nan tsakanin gida da gida gonar rogo ce. Yanzu katanga na jingine da katanga. Malam Hussaini tela, wanda bayan gidansa ke manne da nata, ya yi shekaru yana shaƙar abin da addininsa ma bai yarda ya kusanta ba, bai ce uffan ba, sai da ruwan ɗakin aladu ya fara gangarowa wajen rijiyarsa. Aka yi taro a gindin mangwaron mai unguwa, Kirista da Musulmi, aka tsayar da magana. Kaji su zauna a keji, awaki a ɗaure su da damina, alade ba ya yawo. Ɗakin aladu ya yi nesa da rijiya taku ashirin, kuma gida ɗaya kada ya wuce aladu huɗu. A lokacin Milka tana da ashirin da biyu.

Na ɗauka za ta tayar da bala'i. Sai ta koma ga tsohuwar al'adar ƙauye ta ba da kiwo, inda za ka ajiye dabbarka a gidan wani, in ta haihu ya ɗauki ɗa guda. Ta bar huɗu a gida, sha takwas ɗin ta raba su uku-uku ga mata shida na zumuntar matan coci. Duk ƙarshen wata nakan zagaya da littafina in ƙirga, ko'ina lissafi daidai. Na san aladun waye, kowa ya sani. Dariya ma na yi, na ce wa matata wannan mata da ta yi boko da ta ɗaure alƙali.

Sai dai a al'adar, wanda aka ba kiwo shi ke ciyarwa. Milka kuwa ba ta yarda akwai wanda ya iya ciyar da alade a duniya in ba ita ba. Kullum da safe za ta dama dusa da ɓawon rogo a babban bokiti, ta fara da gidan Tamar, ɗaya daga cikin matan shida, ta bi gidajen ɗaya bayan ɗaya, ta shiga kowane ɗakin aladu da ƙafarta, ta shafa bayansu, ta duba kunnuwansu. Gida na ƙarshe shi ne na Jacinta, sai an tsallake ɗan rafin da ke bayan unguwa.

Jacinta ƙaramar yarinya ce, mijinta ɗan acaɓa ne da ya tafi Sabon Tasha neman aiki, sai jefi-jefi ake ganinsa. Milka ta riƙe ta kamar 'yar cikinta. A haihuwar farko Jacinta ta zaɓi 'yar alade mai baƙin tabo a ido, ta raine ta har ta girma, bana ta ɗauki ciki. Ta taɓa gaya mini cewa tun da aka haife ta, wannan ne abu na farko da za ta nuna ta ce nata ne.

A tsakiyar daminar bana aladun gidan Tamar suka ƙi cin abinci. Suka kwanta a kan juna suna numfashi da ƙyar, kunnuwansu suka yi ja, daga baya suka koma kamar an shafa musu shuni. Kwana uku duka suka mutu, har da na Tamar ɗin kanta. Aka ce guba ce, aka fara kallon wani maƙwabci da suka taɓa faɗa kan iyaka. Ba a gama wannan tsegumi ba gida na biyu ya kama.

Abin da ke ci mini rai shi ne ƙauna ce ta ƙara ɓata lamarin. Da aladun suka fara ciwo, Milka ta ninka zagayenta, safe da yamma. Ta dafa sassaƙen maɗaci, ta ɗura musu manja, ta durƙusa a cikin kashinsu tana addu'a, sannan ta tashi ta wuce gida na gaba ta ga ko su lafiya. Nata huɗun na gida suka bi. Unguwa ta yi tsit. Mu da muka shekara muna ƙorafin kukan aladu da safe, sai ga shi shirun ya fi kukan damun mu. Ungulu suka fara zama a kan turakun lantarki, kuma duk inda ka bi bayan gidaje za ka ga sabuwar ƙasa ja da aka tona aka mayar.

Sai da gida na biyar ya kama na je na kira likitan dabbobi. Na makara, na sani. Wata matashiya ce aka turo, ba ta da yawan magana. Ta leƙa gida biyu daga bakin ƙofa, ta wanke takalminta da magani, ta ce a tara mutane a gindin mangwaro.

Ta ce annobar aladu ce, ba ta da magani, ba ta da rigakafi. Mutum ba ta kama shi, amma shi ke ɗaukar ta a takalmi, a bokiti, a hannu. Ta ɗauki tsinke ta ce in faɗa mata gidajen bi da bi yadda suka kamu. Ina faɗa tana zana da'ira a ƙasa, tana haɗa su da layi. Kafin ta kai na huɗu na gane, domin hanyar da ke fitowa a ƙasan nan na san ta, kowace safiya ina ganin ana bin ta.

Likitar ta ɗago ta ce, "Baba, wa ke shiga duk gidajen nan?"

Tamar ta sunkuyar da kai. Malam Hussaini ya hau gyara hularsa. Ni kuma na buɗe littafina ina kallon huɗu-huɗun da na rubuta.

"Ni ne," in ji Milka. Ban taɓa jin muryarta ƙasa haka ba.

"Mama, akwai wani gida da ya rage?"

Jacinta ce ta amsa daga baya, goyonta a bayanta. "Namu. Mama ya zo yau da safe. Amma yana bi ta cikin rafi, ruwa yana wanke takalmin, ko ba haka ba?"

Likitar ta ce zai yiwu. Ta tambaya ko bokitin ma ana wanke shi. Jacinta ta girgiza kai. Aka ce kada kowa ya sake shiga gidan, a ƙirga kwana goma sha biyar, in sun wuce lafiya to an tsira.

Milka ta zauna a kan saiwar mangwaro, ta zare takalmin nan ɗaya bayan ɗaya, ta ajiye kusa da zanen. Ta tafi gida ba takalmi, ranar Talata, a gaban kowa. Ba wanda ya zage ta, kuma ina ganin da an zage ta da ya fi mata sauƙi.

Tun ranar ba ta tsallake ƙofar gidanta ba. Ni ta ɗora wa aiki. Kowace safiya in je bakin rafi in kira Jacinta ta kan katanga, in dawo. Ina iske ta zaune a kan benci, ƙafa a ƙasa, tambayarta ɗaya ce.

"Baba Sakatare, ya ci?"

Ba aladunta uku da ke can take nufi ba, mai baƙin tabon take nufi. Kwana takwas ina ce mata ta ci, tana cewa mun gode wa Ubangiji.

Yau kwana na tara. Na kira Jacinta sau uku kafin ta fito. Ba ta gaishe ni ba, sai ta ɗaga kwanon dusa sama da katanga don in gani, a cike yake yadda ta zuba shi. Na tsaya a bakin rafin nan na daɗe, ina neman wata hanyar da za ta kai ni gida ba ta ƙofar Milka ba, alhali shekara talatin na san babu. Ina shan kwana na hango ta, ta riga ta miƙe tsaye daga kan bencin.